Gupi Biyu Ga Mai Amalanke

Ku da kuke zuwa rumfata kuna zama a kan tsofaffin tayoyi kuna latsa waya, jiya na ji abin da ɗayanku ya faɗa. Wai aikin Baba Isufu ai ba aiki ba ne, zura ƙusa ne a rami a lanƙwasa. Na yi kamar barci nake yi. Ba barci nake ba, kunnena ya fi idona lafiya. To ku matso, ga abin nan a tafin hannuna.

Sunansa gupi, haka muka karɓe shi daga bakin makanikan Maradi. Waya ce ta ƙarfe mai taushi da aka ninka biyu, kansa zagaye kamar idon allura, da yatsu biyu a manne, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. In ya faɗi cikin rairayi sai mai sa'a ke ganinsa. Amma duk amalanken da ya fita Dakoro ɗauke da buhunan hatsi, ko bidon ruwa, ko mai naƙuda za a kai ta likita, wannan ɗan abu ne ya riƙe masa taya. Taya tana juyawa a kan sandar ƙarfe. Ekuru ne ake ɗaurawa a bakin sandar ya tare ta kada ta zame. Shi kuwa ekuru kullum so yake ya kwance, don girgizar hanya tana lallashinsa kaɗan-kaɗan. Gupi ne ke ratsa ekuru da sanda gaba ɗaya ya hana shi motsi.

Na koyi aikin a hannun Maigida Sanda, Allah ya jiƙansa, wani gajeren mutum da ya zo daga Maradi da akwatin ƙarfe ɗaya. Yana zaune zai ji amalanke tun daga bakin kasuwar dabbobi, ya ce wannan rulmarsa ta hagu, wato zoben 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, ta bushe, kuma in an buɗe haka za a tarar. Aikin farko da ya sakar mini na wani manomi ne daga Birnin Lalle. Na cire taya, na wanke rulma da kananzir, na cika ta da giris, na mayar. Sai na ɗauki tsohon gupin na miƙe shi da guduma har ya yi kyau kamar sabo, na zura, na lanƙwasa, na miƙe tsaye ina jiran yabo. Maigida ya bari na gama. Ya ɗauki awartaki ya ɗan taɓa yatsan gupin sau ɗaya, sai ga shi ya faɗo ƙasa kamar busasshen kara.

Ya ce, "Isuhu, ƙarhen ga sau guda yake durƙusawa. In ka tada shi ka sake durƙusad da shi, ya mutu, ko da ka gane shi tsaye."

Ya jefa guntun cikin wani gwangwani da ke ƙarƙashin bencinsa. Gwangwanin nan da kuke zuba ɓawon gyaɗa a ciki, shi ne. Ku daina.

Tun lokacin nake wani mafarki, yawanci da rana in na kishingiɗa bayan azahar. Taya ce ita kaɗai take gudu cikin fili, ba amalanke, ba jaki, ba ƙara. Ta ratsa gonar gero, ta hau tudu, ta gangara, ni kuma ina bin ta da ɗan gupi a hannu, ba na gajiya amma ba na cim mata. Shekaru da yawa ina wannan mafarki kafin in ga irinsa ido buɗe.

Masu kawo mini aiki iri-iri ne. Akwai 'yan kasuwar hatsi, waɗanda ke tsaye a kanka suna duban rana kamar kai ka hana ta tsayawa. Akwai manoma, su kuwa ba abin da ban ciro daga bakin ekurunsu ba: ƙusar rufin kwano, wayar keke, guntun cokali, har ƙayar aduwa na taɓa samu wani ya cusa ya yi tafiyar yini da ita. In na yi faɗa sai su yi dariya su ce ai ta kai su. A lokacin ni mutum ne mai saurin harshe. Ina gyara, ina zagi, in sallami mutum ba tare da na gaya masa dalilin komai ba. Gani nake wanda bai san ƙarfe ba, bayani ma ɓata baki ne.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Ba zan ce muku shekara kaza ba, wanda ya gan ta ya san ta. Daji ya share kamar an bi shi da tsintsiya. Makiyaya suka koma hawa itatuwa suna saro rassa don dabbobi su ci ganye, duk inda ka bi ƙaya ce zube a ƙasa. Shanun da ke tafiya rijiya da ƙafarsu suka kasa, sai ruwan ne ake kai musu. A shekarar ne Fulani da Buzaye da yawa suka sayi amalanke karon farko a rayuwarsu.

Cikinsu akwai Ja'e, wani dogon Bafulatani daga wajen Tagris, sa'ana ne ko ya girme ni da kaɗan. Ya sayar da bijiminsa ya sayi tsohon amalanke da jakai biyu, ya kawo mini in duba. Maƙeri yake ce mini, ko da yake ba mu gaji ƙira ba. Na sa masa giris, na sa sabon gupi hagu da dama, ya tafi. Bayan sati uku ya dawo, tayar hagu tana rawa. Na duba, gupin ya karye, yatsa ɗaya ya rage. Na sa sabo. Ba a yi wata ba ya sake dawowa da irin wannan ciwo. Na ce masa lodi yake yi fiye da ƙima, ya ce bido takwas ne kullum. Na ce ƙarya yake. Ya ja jakansa ya tafi. Ni ma abin ya tsaya mini a rai, don gupin nan daga kwali ɗaya nake ɗebo su, kuma ba wanda nasa ya karye sai shi.

Dawowarsa ta uku da hantsi ce, ba amalanke. Wani mai moto ne, wato babur, ya rage masa hanya ya sauke shi a bakin rumfa. Leɓɓansa sun tsage, rawaninsa ya yi fari da ƙura. Ni kuma na ɗora shayi ke nan, abokaina biyu suna zaune.

Ya ce, "Maƙeri, tayar ta hita. Amalanke na can kwance tsakanin rijiya da ruga, matata Dija na tsaronshi. Shanu bakwai sunka rage mini, duk suna kwance, tun shekaranjiya rabonsu da ruwa."

Na ce, "Mi ka yi mata kuma?"

"Ban yi mata komi ba. Hannunka dai ne, Maƙeri. Sau biyu kana gyara, sau biyu tana lalacewa."

A gaban mutane ya faɗi haka. Na ce hannun da Sanda ya koyar ba Bafulatanin da jiya ya fara ganin taya ne zai yi masa gori ba. Na ce zan je, amma ba zan bar shayi a kan wuta ba, sai an sha na uku. Kun san shayinmu ba ya son gaggawa. Aka sha na farko mai ɗaci. Na miƙa masa, ya girgiza kai. Aka mayar da buta, aka jira na biyu. Yana tsaye a rana, bai shigo inuwa ba, sandarsa a kan kafaɗa ya rataye hannuwa a kanta. Aka sha na uku. Sannan na tashi a hankali na ɗaure jakar kayan aiki a bayan tsohon motona, na ce ya hau.

Hanyar arewa a ranar ba ta yi kama da duniyar da na sani ba. Ƙasa fara fat, sama fara, ba ka gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Kawalwalniya ta shimfiɗa tabki a gabanmu, muna matsowa tana ja da baya, itatuwan da aka sare wa rassa suna tsaye a cikinta kamar mutane sun shiga wanka sun ɗaga hannu. Nan da can gawar saniya ta bushe, fata ta manne da ƙashi. Wani raƙumi ya ratsa gabanmu, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa a idona. Ƙarar moto ma sai na ji kamar daga nesa take zuwa. Ja'e yana bayana, in za mu karkata sai ya taɓa kafaɗata ta dama ko ta hagu.

Muka tarar da amalanken ya durƙusa a gefen hagu, bakin sandar ya nutse cikin rairayi. Dija, matar Ja'e, ta kwance jakan ta zauna a 'yar inuwar amalanken, ta jera bidon a tsaye. Biyu sun fashe, shida suna nan. Tayar kuwa tana can nesa a kan wani ɗan tudu, tsaye, ta jingina da kututture, kamar ta gaji da gudu ta tsaya jirana. Na daɗe ina kallonta. Ita ce ta mafarkina, har tudun.

Na gangaro da ita, na duba rulma, da sauran rai. Amma ekuru babu. Na zazzage jakata, na gwada guda huɗu da na zo da su, ba wanda ya hau. Sandar ta wata tsohuwar mota ce, zarenta daban. In ba ekurunta ba, ba abin da zai riƙe tayar ko da taku goma. Na dubi rairayin nan da ba shi da iyaka.

Ja'e ya ce, "Mi kake biɗa?"

Na kwatanta masa da yatsu. Ya juya ya bi sawun amalanken baya, kansa a sunkuye, kamar mai bin ɓatacciyar karsana. Ina biye da shi. Ya nuna mini inda sawun tayar hagu yake tafiya sak, da inda ya fara lanƙwasa kamar sawun maciji. Ya ce, "Nan ta hwara maye." Ya ƙara 'yan taku, ya durƙusa, ya tura yatsu cikin rairayi, sai ga ekuru a hannunsa, da zafi kamar an ciro shi daga wuta. Ni da na ce bai san taya ba, da ni kaɗai ne da na kwana ina tonon dajin nan.

A kan hanyar komowa ne na taka ƙayar aduwa. Ta bi ta gefen takalmi ta shige dugadugina, ta karye a ciki. Na dafa kafaɗar Ja'e ina ɗingishi har bakin amalanke, na zube. Ya ɗaga ƙafar ya duba, ya ce, "Ta yi nisa, amma tana hita." Sai ya zagaya wajen tayar dama, wadda ke da lafiya. Ina kallo ya zaro wuƙarsa, ya miƙe yatsun gupin da bakinta, ya zare shi cikin sauƙi irin na wanda ya saba. Ya goge giris a rigarsa, ya ɗan buɗa yatsun, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya kama kan ƙayar da su ya fizge. Ko zafi ban ji ba.

Na ce, "Ja'e, kullum haka kake yi?"

Ya ce, "Matsehwatata ta ɓace tun da munka yi ƙaura. Bana kau ƙaya ta hi ciyawa yawa. Yara, mu, har kohwaton shanu. Wagga kau ba ta ɓata, in na gama sai in maishe ta wurinta in lanƙwashe kamar yadda ka yi. Ta hagun ce ta hi kamawa, amma ta karye shekaranjiya, na maida guntun hakanan."

Dija ta ce, "Ni ma da ita nika cire ma yara."

Na buɗe baki zan yi irin faɗan da na saba, sai na ga ƙafata a kan cinyar mutumin, ga ƙayar a tafin hannunsa yana nuna mini tsawonta. Wa zan zaga? Ya ga ƙarfe mai yatsu biyu, ga ƙaya a ƙafar 'ya'yansa. Sau biyu yana dawowa rumfata, har na ce masa maƙaryaci, ban taɓa ɗaukar gupi na nuna masa na ce wannan in ya durƙusa sau ɗaya ba a tada shi ba. Maganar da Sanda ya gaya mini cikin numfashi ɗaya, ni na hana Ja'e ita. Kunya ta rufe ni.

Na ce ya ba ni gupin. Na lanƙwasa yatsan sau ɗaya a gabansa, ya karye. Ya dubi guntun, ya dubi tayar hagu, ya dubi bidon da suka fashe. Ya gane. Ya ce, "La'ilaha illallahu," a hankali.

To ga aikin da kuka ce zura ƙusa ne. Ba mu da abin ɗaga amalanke, sai Ja'e ya sa kafaɗa ya ɗaga, Dija ta tura wani kututture a ƙarƙashi. Na wanke bakin sandar da fetur daga motona, don ƙwayar rairayi ɗaya tana cin rulma kamar gara. Na shafa giris, na mayar da taya, na ɗaura ekuru har tayar ta yi nauyin juyawa. Daga nan ba a ƙara ɗaurewa, sassautawa ake yi kaɗan-kaɗan, kana leƙen tsagar ekuru har ta yi daidai da ramin sanda, ka ga haske ya ratsa. In ka matse, rulma ta ƙone. In ka saki, taya ta yi rawa. Tsakanin nan bai fi kaurin farce ba, kuma hannu ne ke sanin wurin. Na zaɓi gupin da ya cika ramin ba ya kaɗawa, na zura shi daga sama, kansa ya zauna, na ɗan buga sau biyu. Dogon yatsan na naɗe shi a kan bakin sanda, gajeren na kwantar da shi a jikin ekuru. Sau ɗaya kowanne. Na kama tayar da hannu biyu na girgiza, na kara kunne na juya ta. Shiru, sai ɗan numfashin giris. Na yi wa ta dama haka ita ma, na kifa musu gwangwanin tumatir na daddake don rairayi, kuma don hannun Ja'e.

Muka ɗora bido shida. Suka kama hanya, ina biye a moto a hankali, idona a kan tayar hagu. Sawunta ya miƙe sak har ruga.

Rana ta karkata muka isa. Shanun suna kwance ƙarƙashin wata aduwa da aka sare wa rabin rassa. Da suka ji ƙamshin ruwa suka fara miƙa wuya. Dija ta dinga zubawa a ƙwarya tana kai wa kowacce baki. Bayan sun sha muka zura sanda a ƙarƙashin ciki, ni da Ja'e muna ɗagawa, ita tana jan wutsiya. Ɗaya ta tsaya tana rawar ƙafa. Ta biyu ta tsaya. Har shida.

Ta bakwai tana bayan itacen. Mahaifin Ja'e, tsoho tukuf wanda aka bari wajen shanun, yana tsugune kusa da ita da wuƙa a hannu. Saniyar ja ce, mai dogayen ƙahoni, Saye suke kiranta, Ja'e ya gaje ta daga mahaifiyarsa. Tsohon ya ce ya jira, ya jira, yana ɗaga mata kai, har ta fara shure-shure, ya ji tsoron kada ta zama mushe, ya yanka ta. Ya ce yana share wuƙar ya hango ƙurarmu. Na dubi ƙasa. Rairayin nan mai ƙishirwa, wanda ke shanye ruwa kafin ka ɗaga bido, bai gama shanye jinin ba.

Ba sai an yi mini lissafi ba. Na san tsawon lokacin da shayi uku ke ci. Ja'e ma ya sani, tunda a tsaye ya yi shi cikin rana. Ya durƙusa ya shafa goshin saniyar, ya daɗe, sannan ya tashi ya ce wa Dija ta ba Maƙeri ruwa ya sha, ya sha hanya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin in tafi na zauna a gindin aduwar na ciro sabon gupi mafi girma a jakata. Na goge bakin yatsunsa da magagari har suka yi siriri suka haɗu daidai, na ɗan buɗa su, na zura igiyar fata a idon, na rataya wa Ja'e a wuya. Na ce, "Wanga na ƙaya ne. Na taya kuwa, ko ni na taka ƙaya, kada ka taɓa shi."

Shi ya sa kuke ganin duk makiyayin da ya kawo amalanke gupi biyu nake ba shi bayan na taya, gogaggu, ɗaya nasa ɗaya na uwargida, kuma sai na karya tsoho a gaban idonsa kafin ya tafi. Shi ya sa kuma in mutum ya tsaya a bakin rumfar nan bai zauna ba, nake sauke buta daga wuta ko ta fara tafasa. Kuna cewa tsufa ne ya sa na manta yadda ake shayi.

Ja'e yana nan da ransa. Shanu shidan nan sun zama garke. Ranar kasuwa yakan biyo, ya jingina sandarsa a wancan ginshiƙi, gupin yana wuyansa ya yi baƙi da gumi. Yanzu yana karɓar shayina, har na uku. Muna hirar damina, da tsadar dusa, da ciwon gwiwa. Shekara nawa ke nan ina jira ya ambaci Saye ko sau ɗaya, in samu bakin ba shi haƙuri. Har yau bai ambace ta ba.